Yadda na bi sawun wutar amfilifayar motata har inda ta maƙale

Duk sifikun motata guda huɗu ta cikin amfilifaya suke bi, wato na'urar da ke ƙara wa sautin rediyo ƙarfi. Haka wanda na sayi motar a hannunsa ya haɗa ta: rediyo a gaba, amfilifaya mai layi huɗu a ɗaure a bayan kujera ta cikin but, sai wata jar waya mai kauri da ta taso daga batir ta bi ƙarƙashin kafet har can baya. Amfanin wannan haɗi shi ne murya takan fita tas ko ana gudu a titin Kano zuwa Zariya gilashi a sauke. Illarsa kuwa, duk ranar da amfilifayar ta yi shiru, motar ce gaba ɗaya ta yi shiru. Ni mutum ne mai yawan tafiya, kuma yawancin tafsiri da labaran da nake saurara a mota nake jinsu, don haka abin ya tsaya mini a rai ƙwarai.

Ba rana ɗaya ta ɗauke ba. Tun wajen ƙarshen damina sautin ya fara yankewa idan na ƙara murya, in na rage ya dawo. Daga baya ya zama ko rami na faɗa sai ya ɗauke, wani ramin kuma ya dawo da shi. Ana nan wata safiya na kunna rediyo, fuskarta ta kawo haske, lambobi suna tafiya alamar karatu na gudana, amma ko ƙis babu a sifika.

Na fara tsayawa wajen wani matashi mai gyaran kayan sauti a bakin titi. Ya buɗe but, mota a kashe, rediyo a kashe, ya ɗora mitarsa a kan wayoyin wuta biyu na amfilifayar, ta nuna bolt 12.5. Ya zare fis biyun da ke jikinta ya ɗaga su ya duba, ya mayar. Sai ya ce, "Oga, wuta na zuwa, fis lafiya lau. Cikinta ne ya ƙone. Gyaranta ɓarnar kuɗi ce, ka sa sabuwa kawai." Ban ga laifinsa ba, don amfilifaya tana ƙonewa, kuma abin da ya gwada shi ne abin da yawancin masu gyara suke gwadawa. Amma maganar ba ta kwanta mini ba. Na kai hancina kusa da ita ban ji ƙaurin ƙuna ba, sannan abin da ya ƙone ba ya farfaɗowa don mota ta faɗa rami. Yankewa da dawowa irin wannan halin haɗin waya ne. Na yi masa godiya na ce zan yi shawara.

Da na samu sarari a gida na fito da 'yan kayan da nake da su: ƙaramar mita mai nuna lamba da na taɓa saya a kasuwar Sabon Gari, sukudireba, sifana lamba 10, batirin tocila, da wayar nan mai kai ɗaya na shiga wayar hannu da kawuna biyu, ja da fari. Na kira ƙanena ya zauna a gaba don ya riƙa kunna rediyo yana kashewa idan na ce.

Kafin in taɓa komai na duba saitin rediyon, domin akwai rediyon da ake iya kashe layin da ke fita zuwa amfilifaya daga cikin saitinta, ko yara su tura murya gaba ɗaya zuwa gefe guda. Komai yana daidai. Na koma but.

Amfilifayar mota tana da wurin ɗaura waya uku a gefen wuta. Wanda aka rubuta B+ ko 12V shi ne babbar wuta kai tsaye daga batir, kullum tana nan ko mota a kashe. GND shi ne negatif, ana ɗaure shi a ƙarfen jikin mota. Na tsakiya, REM, siririyar waya ce da ke zuwa daga rediyo, galibi shuɗiya mai ratsin fari. Ba ita ke ciyar da amfilifaya ba, umarni kawai take kawowa: idan rediyo ta kunnu sai ta turo bolt 12 ta wannan waya, amfilifaya ta tashi. Idan ɗaya daga cikin ukun nan ya samu matsala, ko sabuwa fil ce amfilifayar ba za ta yi magana ba.

Na ce wa ƙanena ya kunna, ni kuma ina kallon 'yar fitilar da ke jikinta. Kore ya kawo, ya dusashe, ja ya ƙifta, ta mutu, sannan ta sake gwada tashi, haka dai ba tsayawa. Jan nan shi ne alamar kariya. Amfilifaya takan kashe kanta idan ta yi zafi fiye da kima, ko wayoyin sifika sun haɗu, ko an ɗora mata sifikun da suka fi ƙarfinta, ko wutar da ke shigowa ta yi ƙasa, ko kuma wani abu ya lalace a cikinta. Fitilar ba ta faɗa maka wanne ne daga ciki, kai ne za ka yi ta cire su ɗaya bayan ɗaya. Zafi dai ba shi ba ne, don jikinta sanyi ƙalau.

Fis biyun jikinta, kowanne amfiya 20, na gwada su da mita maimakon ido, tunda fis yakan tsinke ta inda ido ba ya gani. Duka mitar ta yi ƙara a kansu, alamar ba su tsinke ba. Wayar REM ta nuna bolt 12 idan rediyo na kunne, sifili idan an kashe, a FM da kuma a filashi. Na gwada duka biyun ne saboda akwai wani kuskuren haɗi da ya yawaita: wasu rediyoyin suna da wata shuɗiyar waya zalla ta eriya, wadda ba ta kawo wuta sai ana kan FM ko AM. In aka ɗaura REM a kanta, mutum zai ji gidan rediyo lafiya, amma da ya koma filashi ko Bluetooth sai shiru. Tawa ba haka ba ce.

Sai sifiku. Na sa aka kashe komai, na kwance wayoyinsu daga amfilifayar, na auna kowane layi. Duka sun faɗo tsakanin om 3.4 da 3.7 (om shi ne ma'aunin turjiyar da wuta ke samu a hanya). Wannan shi ne lafiya ga sifikar da aka rubuta wa om 4, kullum mita takan nuna ƙasa kaɗan da abin da ke rubuce. Da na ga kusan sifili, da na san wayoyin sun haɗu ko sifikar ta ƙone. Da mitar ta ƙi motsi, da waya ta tsinke, kuma wurin da ta fi tsinkewa shi ne cikin robar nan da ke tsakanin ƙofa da jikin mota, inda take lanƙwasa duk lokacin da aka buɗe ƙofa. Na kuma auna tsakanin kowace waya da ƙarfen mota don in ga ko wata ta goge tana taɓa jiki, babu. Daga nan na ɗan taɓa kowane layi da batirin tocila, ƙanena yana faɗa mini ta inda ya ji ƙaran: "Yaya, ƙofar direba." "Yaya, baya ta hagu." Duka huɗun sun amsa.

Na zare wayoyin ja da fari masu kawo sauti daga rediyo su ma. Yanzu ba abin da ke jikin amfilifayar sai wayoyin wuta uku. Aka kunna. Fitilar ta ci gaba da ƙifte-ƙiftenta kamar dā. Ke nan sifiku sun fita daga zargi, rediyo ma ta fita. Saura abu biyu: ko dai cikin amfilifayar, kamar yadda matashin ya ce, ko wutar da ake ba ta.

A nan ne na maimaita awon da ya yi, amma rediyo a kunne. Na ɗora jan tsinken mita a B+, baƙin a GND. Rediyo a kashe, 12.5 cif. Ƙanena yana kunnawa lambar ta faɗo 7, ta hau 11, ta koma 6, tana rawa tare da fitilar. Na zagaya gaba na ɗora mitar a kan batir ɗin kansa, muka sake. Batir bai ko girgiza ba, 12.5 a kashe, 12.4 a kunne. Na tayar da inji, ya hau 14.2, alamar caji na aiki yadda ya kamata.

Na daɗe a tsaye ina juya wannan a raina, don fassara biyu yake ɗauka. Amfilifayar da ta ƙone ta ciki tana iya zuƙar wuta da yawa har awo ya faɗi. Amma da haka ne, wutar da za ta ja ta kai ta tsinka fis na amfiya 20 nan take, wayar ta ɗau zafi, kuma batir ma ya nuna alama. Ba ko ɗaya da ya faru. Batir yana da wuta, amfilifaya ba ta samu, fis bai tsinke ba. Wutar a hanya take ɓacewa.

Don in tabbatar, na cire kan batir na negatif, na kwance amfilifayar gaba ɗaya na kawo ta gaban mota na ɗora a kan benci. Na ba ta wuta kai tsaye daga batir da gajerun wayoyi masu kauri, na sa fis a tsakani, na ɗauko 'yar waya na haɗa B+ da REM don ta tashi ba tare da rediyo ba. Na jona mata wata tsohuwar sifika, na sa wayar hannuna a wurin shigar sauti, murya a ƙasa. Kore ya kawo ya tsaya cak, karatu ya fito. Na bi layukan huɗu, kowanne yana magana. Amfilifayar da aka ce in jefar lafiyarta ƙalau.

Bayan na mayar da ita, sai na nemi sanin wane ɓangare ne ke cin wutar, jar waya ko negatif. Na ja wata doguwar waya daga negatif na batir har but, na auna tsakaninta da GND rediyo na kunne, kusan babu komai. Na mayar da doguwar wayar kan fozitif na auna tsakaninta da B+, sai ga bolt 5 zuwa 6. Waya mai lafiya, farkonta da ƙarshenta kusan ɗaya suke. Wayar jan ƙarfe mai kauri lamba 8 da tsawon mita 5, ko amfiya 30 ke bi ta cikinta, abin da za ta ci wajen bolt 0.3 ne kawai. Tawa tana cinye kusan rabin wutar batir alhali ko sauti ba a fara ba.

Duk inda ɓarnar take, gyaranta na buƙatar kayan aikin da ba ni da su, musamman abin matse kan waya. Don haka na nufi wajen wani dattijo mai rewaya da ke kusa da Ƙofar Ruwa, wanda ya taɓa yi mini aikin fitilu.

"Sannu da aiki, Baba."

"Yauwa, sannu ɗana. Me ya samu motar?"

Na kwashe duk abin da na gwada na faɗa masa, da lambobin da na gani. Bai katse ni ba har na gama. Sai ya ce, "To madalla, ka rage mini aiki. Buɗe bonet." Bai ɗauko mita ba. Ya ciro wani ƙwan fitilar gaba mai wat 55 da aka yi wa wayoyi biyu, ɗaya da ɗan maƙali, ɗaya da tsinke. Ya maƙala ɗaya a negatif, ya taɓa fozitif na batir, ƙwan ya haska har ba a iya kallonsa. Ya bi jar wayar zuwa gidan fis ɗin da ke kusa da batir, irin mai kwalba a cikin roba mai haske. Ya taɓa bakin shiga, haske fes. Ya taɓa ƙarshen fis ɗin ta ɗaya gefen, haske fes. Ya soka tsinken a cikin wayar, ɗan yatsa ɗaya bayan gidan fis ɗin, sai zaren ƙwan ya yi ja-ja kawai, ko hannunsa bai haska ba.

"Ga ta nan," in ji shi.

Na tambaye shi me ya sa mita ta nuna 12.5 a but alhali a nan wutar ta maƙale. Ya ce, "Ɗana, ka san famfon da bututunsa ya toshe? In yana rufe ka sa yatsa a baki ka ɗan murɗa, za ka ji ƙarfin ruwa. Buɗe shi ka tara bokiti, sai ɗigo. Mita ba ta jan komai, shi ya sa take ganin wuta cike. Ƙwan nan kuwa sai an ba shi." Gaskiya ya faɗa. Mita mai nuna lamba tana da turjiyar om miliyan 1 zuwa miliyan 10 a cikinta, wutar da take ja ba ta kai a kira ta wuta ba, ko ta silin waya ɗaya da ya rage za ta ga bolt 12. Ƙwan wat 55 kuwa yana neman fiye da amfiya 4. Ni a ganina duk mai gyaran da ya auna wuta abin da ke cin wutar yana kashe, bai gama awo ba, kuma amfilifaya da yawa da ake zubarwa a garin nan da irin wannan rabin awon aka yanke musu hukunci.

Da ya kwance gidan fis ɗin, abin da ke ciki ya ba ni tsoro. Robar ta gefen fita ta yi baƙi ta ɗan narke. Sukurun da ke danne wayar ya saki. Silin wayar sun zama wani farin gari, kana taɓawa suna karyewa. Baba ya ɗauki wuƙa ya kankare sili ɗaya mai ɗan lafiya ya miƙo mini. Bayansa ja, cikinsa fari.

"Wannan ba jan ƙarfe ba ce. Alminiyam ce aka shafa wa jan ƙarfe a baya. Araha ba ta ado."

Irin wannan waya ta cika kasuwa, a jikin kwalinta wani lokaci akan rubuta CCA, ta jan ƙarfe zalla kuma OFC. Alminiyam ba ya ɗaukar wuta kamar jan ƙarfe, abin da yake iyawa bai fi kashi 60 da 'yan kai cikin 100 ba idan kaurinsu ɗaya. Wannan ma da sauƙi. Babbar illar tana wurin ɗauri. Alminiyam yana da laushi, in aka danne shi da sukuru yakan lotsa a hankali har ɗaurin ya saki. Sannan idan ya haɗu da jan ƙarfe ko tagulla ga danshi, shi ne ke cinyewa, kuma farin garin da yake zama ba ya wuce da wuta. Gidan fis ɗina yana dab da batir, inda tururin ruwan batir yake, ga ruwan damina, ga na masu wankin inji. Da ɗaurin ya fara lalacewa sai ya fara zafi. Lissafin ba wuya: turjiyar om 0.1 kacal, idan amfiya 30 na wucewa, tana cin bolt 3, ta mayar da wat 90 zafi a wuri ɗan mitsitsi. Shi ya sa tun farko sautin ke yankewa idan na ƙara murya, shi ya narka robar, zafin kuma ya ƙara cin wayar har ta kai ba ta iya ko tayar da amfilifayar. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne fis ba ya ganin irin wannan. Shi yawan wuta yake tsarewa, ba ruwansa da zafin mugun ɗauri. Allah ne ya kiyaye robar ba ta kama ba.

Na tambaya ko za a yanke wurin da ya lalace a sake ɗaurawa. Ya yanke kamar taƙi ɗaya ya fere, har can ciki akwai garin. Ya ce zai iya yi mini hakan in na matsa, amma kafin wata daminar zan dawo. Muka shiga kasuwa tare.

Sayen wayar ma darasi ne. Baba bai kalli kaurin roba ba, bakin wayar yake dubawa, don akwai mai ƙatuwar riga da ɗan siririn ciki. Yakan ɗaga naɗin ya ji nauyi, tunda jan ƙarfe ya fi alminiyam nauyi sau uku da ɗoriya. Sannan ya kankare sili ya ga ko ja ne har ciki. A wani shago ya kunna ashana ya kara wa silin, nan take ya lanƙwashe ya zube, ya ajiye muka wuce. Wadda muka saya a ƙarshe lamba 8 ce ta jan ƙarfe, kuɗinta ya fi ninki biyu na waccan. Muka haɗa da sabon gidan fis irin wanda ake ɗaure fis ɗin da noti, da fis na amfiya 50, da kawunan waya na jan ƙarfe.

Kafin ya fara ya cire negatif na batir. Ya matse kawunan da abin matsewa har sai da ya ja da ƙarfi bai zare ba, ya rufe su da robar da ke tsukewa in ta ji wuta. Gidan fis ɗin ya kafa shi a jikin mota kusa da batir, ƙasa da santimita 45, amma ta gefen da ruwa ba ya sauka. Dalilin kusancin shi ne wannan fis ba amfilifaya yake karewa ba, ita tana da nata. Wayar yake karewa. In ta goge a wani wuri ta taɓa ƙarfe, duk tsawon da ke tsakanin batir da fis ba shi da mai tsaronsa, kuma batirin mota yana iya turo ɗaruruwan amfiya a lokaci guda. A nan Baba ya yi faɗa sosai a kan masu naɗa waya ko takardar sigari a madadin fis idan ya tsinke. Ya ce fis ba ya tsinkewa haka kawai, wanda ya naɗa masa waya ya bar cutar ya kashe mai ba shi labari ne, kuma ya ga motocin da suka ƙone ƙurmus a kan haka.

Inda wayar ke ratsa ƙarfen da ya raba inji da cikin mota, tsohon haɗin ba shi da ko roba, gefen ƙarfen har ya fara cin rigar wayar. Ya sa mata zoben roba. Ya bi da wayar wuta ta gefe ɗaya na motar, wayoyin sauti ta ɗaya gefen, don kada kukan caji ya shiga sifika.

Negatif ɗin ma bai bar shi ba, duk da awona bai kama shi da laifi ba. Da ya kwance, sai ga shi a kan fenti aka ɗaura da ɗan sukuru mai cin kansa, haƙoran sukurun kaɗai ke taɓa ƙarfe. Ya ce yanzu ne bai nuna ba saboda wuta kaɗan ke wucewa, da an gyara jar waya aka buɗe murya shi ma zai fara nasa. Kuma mugun negatif yana da wata ɓarnar: idan wuta ta rasa hanyar komawa sai ta bi ta wayoyin ja da fari zuwa rediyo, ta ƙona siririn layin da ke ciki, daga nan sai kuka a sifika wanda ba ya jin magani. Ya goge wurin da samfefa har ƙarfe ya yi ƙyalli, ya sa gajeriyar waya mai kauri ɗaya da jar, ya ɗaure da noti da washa, ya shafa giris a kai saboda tsatsa.

Fis ne abu na ƙarshe da ya sa, bayan ya mayar da kan batir. Aka kunna, kore ya tsaya, murya ta cika motar. Ya duba maɓallin da ke daidaita ƙarfin sautin da ke shiga amfilifayar ya tarar an murɗe shi har ƙarshe. Ya mayar da shi ƙasa, ya kai muryar rediyo kusan kashi uku cikin huɗu, sannan ya riƙa ɗaga shi a hankali har sauti ya fara gurɓata, ya ɗan dawo baya. Muka yi awon ƙarshe inji na aiki, murya a sama: batir 14.2, bakin amfilifaya 13.9.

Da zan tafi ya ce bayan 'yan makonni in sake bin sukuran da ke jikin amfilifayar da sukudireba, domin silin sabuwar waya sukan kwanta su bar ɗan sarari, kuma in na dawo daga doguwar tafiya in riƙa taɓa gidan fis ɗin da bayan hannu. Na yi hakan bayan wata tafiya Kaduna, ɗuminsa bai wuce na sauran kayan da ke cikin bonet ba. Sukurun B+ ya karɓi kusan kwatan juyi, na GND bai motsa ba.